Kewaya Dutsen Kufena Da Ƙafa: Gadon Da Muka Bari A Ƙofar Gida

Duk matafiyin da ya taso daga Kaduna ya nufo Zariya, kafin ya iso Ɗanmagaji idonsa zai faɗa kan wani ƙaton dutse a hannun hagu, mai faɗin gindi, kwance kamar giwa ta durƙusa. Wannan shi ne Kufena. Babu Bazazzagin da bai san sunansa ba, akwai makarantar sakandare mai ɗauke da sunan, kuma ɗaliban tarihi sun sha rubuta shi a takardar jarrabawa. Amma da za a tara malaman jami'a da likitoci da lauyoyi da manyan ma'aikatan da ke zaune a Tudun Wada da Kongo da Gyallesu, a ce wanda ya taɓa taka gindin dutsen nan da ƙafarsa ya ɗaga hannu, ina kyautata zaton za a ƙirga hannuwan ba tare da an gaji ba. Na yi wannan tambaya ga abokan aikina fiye da sau ɗaya. Amsar da na fi samu ita ce dariya, sannan a ce, "To, me zan je in yi a can?"

Tambayar ta cancanci amsa, kuma ita zan yi ƙoƙarin bayarwa a wannan fili, a matsayina na mazaunin Tudun Wada wanda ya mayar da kewaya Kufena al'adarsa a kowane hunturu, tare da wasu abokai biyu da ba su ƙi a kira su mahaukata ba.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Daga Tudun Wada mutum zai bi titin Gaskiya, ya wuce inda aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, ya wuce Kwalejin Barewa wadda ta dawo Zariya a 1949, har ya kai Ɗanmagaji inda babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ta ratsa. Daga nan sai Wusasa. Mu dai mukan fita da an sallame sallar asuba, mu hau keke mai ƙafa uku zuwa Wusasa, don mu tanadi ƙarfinmu saboda dutsen. Daga bayan gari ake fara tafiyar ƙasa, ta hanyoyin da manoma da makiyaya suka fitar da sawunsu. Idan muka kewaya gindin dutsen, muka hau ta gefen da ya fi sauƙi, muka huta a sama sannan muka sauko muka dawo inda muka faro, tafiyar kan ɗauke mu kimanin awa uku zuwa huɗu. Ba aikin 'yan tsere ba ne. Ɗaya daga cikinmu ya haura shekara 55, yana kuma shan maganin hawan jini, amma da izinin likitansa yake zuwa, kuma bai taɓa zama a hanya ya ce a wuce a bar shi ba.

Dalilin zaɓen hunturu a fili yake. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu an gama girbi, ciyawa ta bushe ta kwanta, gonaki sun zama fili, mutum yana ganin inda zai sa ƙafarsa. Ƙasar Zazzau ba hamada ba ce, ruwan da ke sauka a nan a shekara ya kai wajen milimita 1,000, amma wanda ya tsaya a bayan Kufena a watan Janairu, ga hazo ya rufe sama, ga iska mai tsaga leɓe, ga karan dawa a zube, ga ƙasa ta yi fari fat, sai ya rantse an ɗauke shi an kai shi can arewa da Maraɗi. Abin da ke karya wannan rantsuwa itatuwa ne: kuka tsirara ba ganye, ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, da rimi wanda aka san Zariya da shi tun tale-tale. A jikin dutsen kuwa, wurin da mutum zai ce ko tsinke ba zai tsira ba, sai ka ga wata bishiya ta cusa saiwarta cikin tsaga tana rayuwarta. Ƙadangaru na shan hantsi, shirwa na shawagi. Da damina labarin daban ne, domin dutsen kan yi santsi, ciyawa ta fi mutum tsawo, kuma ba na ba kowa shawarar ya gwada.

Masana ilimin duwatsu sun ce Kufena da ire-irensa da ke warwatse a ƙasar Hausa sun samu ne kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, daga narkakken dutse da ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa. Ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ke kewaye da shi mai taushi, shi kuwa mai tauri ya rage a tsaye. Har yanzu aikin bai tsaya ba. Mai hawa zai ga yadda fatar dutsen ke ɓarewa falle-falle kamar albasa, kuma a kan irin waɗannan ɓawo ne ya kamata a yi hattara, don wani yana nan kamar a manne alhali kuwa jira yake a taka shi.

Sai dai abin da ya fi jan hankalina a tafiyar nan ba dutsen ba ne, abin da ke ƙarƙashin tafin ƙafa ne. Duk wanda ya saba duban ƙasa yayin tafiya zai riƙa cin karo da tsingaron tukwane a cikin kunyoyin gonaki, wasu da zane a jikinsu. A wasu wurare ƙasa kan yi wani dogon tudu mai tafiya a miƙe, wanda idon da bai sani ba zai ɗauka iyakar gona ce. Ragowar ganuwa ce. Kafin birnin Zariya da muka sani ya kafu ya bunƙasa, akwai mutane a gindin Kufena, kuma sun kewaye kansu da badala. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith, a rubutunsa kan tarihin Zazzau zamanin sarakunan Haɓe wanda ya fito a 1970, ya ja hankali ga yadda manyan garuruwan ƙasar Hausa suka tsiro a gindin irin waɗannan duwatsu: Dala a Kano, Kwatarkwashi a ƙasar Zamfara, Turunku da Kufena a Zazzau. Dutse mafaka ne ranar yaƙi, gindinsa na riƙe ruwa da ƙasa mai albarka, sannan mutanen wancan zamani sun ɗauke shi mazaunin iskoki, abin da ya jawo masa masu ziyara da masu bauta, daga nan kuma kasuwa da sarauta. John Sutton, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, ya bi ganuwar Zariya da ta Kufena ya nazarce su, ya kuma yi tono a Samaru inda aka samu matoyar ƙarfe ta mutanen da suka rayu ƙarnoni kafin a san sunan Zariya.

Labarin baka ya ce Bakwa Turunku, wadda ake sa farkon mulkinta a 1536, ita ce mahaifiyar Sarauniya Amina da ƙanwarta Zariya, kuma daga Turunku aka matso da gadon sarauta zuwa wannan yanki. Masana na da saɓani a kan shekarun, har ma da ƙarnin da Amina ta rayu, kuma ba ni ne zan raba wannan gardama a shafin jarida ba. Abin da babu gardama a kansa shi ne, duk wanda ya tsaya a saman Kufena da hantsi, ranar da hazo ya yi sauƙi, ya fuskanci gabas, zai ga tarihin garin nan a shimfiɗe kamar tabarma. Ga Wusasa a ƙasanka, inda 'yan mishan na C.M.S. suka koma a 1929 bayan shekarun da Dokta Walter Miller ya yi a cikin birni, garin da Janar Yakubu Gowon ya tashi. Ga birni can da rimayensa, inda Malam Musa ya kafa tutar jihadi bayan Sarki Makau ya fice ya nufi kudu, inda kuma Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu. Ga Tudun Wada da Sabon Gari, 'ya'yan zamanin Turawa da jirgin ƙasa. Can arewa kuma Samaru da jami'ar da aka buɗe a 1962. Na shekara ina karanta waɗannan abubuwa a littafi, amma sai a kan dutsen na fahimci dalilin da ya sa kowane yanki ya zauna inda ya zauna, da yadda rafin Kubanni ya shiga tsakaninsu.

Me ya hana mu zuwa, alhali ba kuɗin shiga ake biya ba? Wata safiya muna gangarowa sai muka iske wani dattijo yana ɗaure karan dawa a gonarsa. Muka yi sallama, ya amsa, ya dube mu daga sama har ƙasa, ya dubi takalmanmu da gorunan ruwan da muka rataya.

"Malamai, lafiya dai? Mota ce ta lalace?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Ƙafa kawai muke miƙewa."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ikon Allah. Mu muna roƙon Allah Ya ba mu abin hawa, ku Ya ba ku kun ajiye. To, Allah Ya ba da lada, in akwai."

Mun yi dariya, shi ma ya yi, amma dattijon ya taɓo inda ke mana ciwo. A wurinmu tafiyar ƙasa alamar rashi ce. Yaro ya yi karatu ne don ya daina takawa. Da zarar mutum ya samu aiki ya sayi mota, to ƙafarsa ta yi ritaya: masallacin unguwa da mota, gidan surukai da ke layi na uku da mota, sayen burodi kuwa a aiki yaro. In aka ga babban ma'aikaci yana tafe a gefen titi, kafin ya yi nisa mutum uku sun tsaya za su rage masa hanya, na huɗu kuma ya kai labari cewa al'amura sun taɓarɓare wa wane. Tumbi ya zama shaidar samu. Matanmu kuwa abin ya fi tsanani a kansu, domin ko sun so fita babu wurin da aka tanada wanda za su taka cikin mutunci da kwanciyar hankali.

Abin mamaki, mu jikokin matafiya ne. Kakanninmu fatake sun riƙa zuwa Gwanja sayen goro da ƙafa, tafiyar watanni, jakuna a gaba su a baya. Alhazan dauri sun ratsa Barno da Chadi da Sudan a ƙasa, wasu su shekara bakwai kafin su dawo, wasu su zauna can har abada. Almajirai sun zo Zariya neman ilimi daga ko'ina da buzu a kafaɗa. Yau jikansu yakan je aikin Hajji a jirgin sama, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, wanda duka-duka bai fi kilomita 3 da 'yan kai ba, ya gagare shi sai an tura shi a keke, ba don tsufa ba, sai don ƙafar ta manta aikinta. Wanda kuma ya daure ya hau dutsen da kogon Hira yake, zai shekara yana ba da labari, amma Kufena da ke bayan garinsu bai san ta inda ake hawansa ba.

Likitocinmu ba su gaji da faɗa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako, irin tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan ɗaga amma mutum na iya magana. Hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki sun zama abokan hirarmu a wurin ɗaurin aure da zaman makoki. Kowa na da sunan ƙwayar da yake sha. Kewaya Kufena sau ɗaya ya cika wa mutum kason mako guda har da ragi, ko da yake likita zai ce a rarraba shi cikin kwanaki ya fi a tara shi rana ɗaya. Ni dai abin da na gani a jikina shi ne, wanda ya san Asabar zai hau dutse, ba ya yarda ya zauna daga Litinin zuwa Juma'a bai taka ko'ina ba, don ya san dutsen zai tona masa asiri.

Akwai masu cewa wurin na iskoki ne. Wannan magana ba ta hana manomi noma a gindinsa ba, ba ta hana Bafulatani kiwo ba, ba ta kuma hana masu fasa dutse aikinsu ba. Sai ɗan boko kaɗai ta hana.

Masu fasa dutsen nan su ne suka kawo ni ga abin da ya fi damuna. Shekara bayan shekara muna ganin gari yana matsowa. Inda muka saba ratsa gona, sai mu iske an kafa fegi, baɗi an zuba bulo, baɗin baɗaɗa an yi rufin kwano an ja katanga, hanyar ta toshe sai mun kewaya. A wasu gefuna ana ƙona itace a kan dutse don ya tsage, a farfasa shi da guduma, tifa ta zo ta kwashe. Tudun tsohuwar ganuwa kuwa ƙasa ce mai kyau ga mai neman yin tubali, kuma duk mazaunin Zariya ya ga abin da ya sami badalar birni daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kuyambana da sauran ƙofofi: inda ba a gine ba an haƙe, inda ba a haƙe ba an mayar juji. Ba na zargin talakan da ke fasa dutse da guduma tun safe har yamma don ya ciyar da iyalinsa. Bai san abin da yake fasawa ba, waɗanda suka sani kuma ba su taɓa zuwa sun gaya masa ba. Kufena da ganuwar Zariya duk suna cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa da dokar Nijeriya ta ba kariya, ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi da aka kafa a 1979. Amma suna a takarda ba ya tare tifa. Abin da ke tare ta shi ne idon jama'a, kuma ido ba ya zuwa inda ƙafa ba ta je ba.

A nan ne nake ganin akwai darasi a abin da wasu suka yi. Birnin Finiks da ke jihar Arizona a Amurka yana tsakiyar hamada ne, zafinsa ya fi na Sakkwato a wasu ranaku. A 1924, lokacin garin bai taka kara ya karya ba, shugabanninsa suka sayi duwatsun da ke kudu da shi, fili mai faɗin eka dubu goma sha wani abu, suka keɓe shi wurin shaƙatawar jama'a. A shekarun 1930 aka fitar da hanyoyin ƙafa a ciki. Yau gidaje sun kewaye wurin, amma duwatsun na nan, kuma ma'aikaci kan fito da sassafe ya bi hanyar da ta zagaya ta dawo da shi inda ya ajiye motarsa, an rubuta masa tsawonta da ko mai sauƙi ce ko matsakaiciya ko mai wuya. Da a ce sun jira sai gari ya iso, da kuɗin duniya bai saya musu wurin ba. Ba sai mun je Amurka ba ma. Mutanen Abekuta sun gyara dutsen Olumo, na Idanre a jihar Ondo suna hawa nasu ta matakala fiye da 600, kuma Sukur a jihar Adamawa, mai hanyoyin da aka shimfiɗe da dutse tun zamanin kakanni, ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 1999. Dala ma, duk da gidajen da suka shaƙe shi, an yi masa matakala, yara na hawa.

Ba ina kiran a kawo kwangilar biliyoyi ba ne, don mun san yadda irin wannan kan ƙare: a gina ƙofa mai ƙawa, a yanka kirtani, a watse, bayan damina biyu awaki su gaje wurin. Abin da Kufena ke buƙata ya fi haka araha, ya kuma fi haka wuya. A fara da shata iyaka. Masarautar Zazzau da ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha su zauna da masu gonaki da masu unguwanni, a auna, a kafa duwatsun iyaka da kowa zai gani, a bar manomi ya ci gaba da nomansa amma a hana sayar da gindin dutsen fuloti-fuloti. Sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello na da malamai da ɗaliban da za su iya nuna inda ganuwa ta bi, sashen nazarin ƙasa kuma ya zana taswirar hanyar kewaye. Fenti da alluna kaɗan sun isa a nuna wa baƙo inda zai bi da inda zai kauce. Matasan da ke fasa dutse sun fi kowa sanin lungunansa. In aka koya musu tarihin wurin aka ba su aikin rakiya, ana biyansu, wanda jiya yake cin dutsen da guduma gobe shi ne zai fara kai ƙarar mai tifa.

Na san mai karatu zai ce, ina batun tsaro? Gaskiya ne, kuma ba abin wasa ba ne. Ba mu manta da harin da aka kai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a watan Yunin 2021 ba, da sace-sacen mutanen da aka yi a unguwannin gefen gari a wancan lokaci. Mu kanmu akwai shekarun da muka haƙura da zuwa gaba ɗaya. Ko yanzu ba ma fita sai mun tambayi mutanen Wusasa halin da ake ciki a daren jiya, ba ma tafiya mutum ɗaya, ba ma kaiwa azahar, kuma in suka ce a dakata, mukan dakata ba musu. Duk wanda zai gwada, ya yi haka. Ya nemi ɗan gari ya raka shi, ya gaida mai unguwa, ya riƙe ruwa aƙalla lita 2, ya sa takalmi mai kama ƙasa, ya bar silifas da babbar riga a gida. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya fara jin ta bakin likitansa, kuma ba dole ne kowa ya kai sama ba, kewaya gindin kaɗai tafiya ce mai kyau.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, na Barewa da Alhudahuda da ita kanta Kufena, kan tara kuɗi duk shekara a yi taro a otal, a ci a sha, a karrama juna. Ƙungiyar likitoci reshen Zariya da ta lauyoyi da ta malaman jami'a duk suna da makon da suke ware wa kansu. Da ɗaya daga cikinsu za ta ɗauki Asabar guda a watan Disamba, ta nemi izinin fada da rakiyar jami'an tsaro, ta ce wa mambobinta kowa ya zo da 'ya'yansa a haɗu a Wusasa ƙarfe 6:30 na safe, a kuma ware rukuni na mata da masu rakiyarsu, da kuɗin da za a kashe bai kai na lemon taron otal ba. Malamin tarihi ɗaya ya isa ya tsaya a kan tudun ganuwar ya yi wa yaran bayani, likita ɗaya kuma ya zo da abin awon jini ya gwada iyayensu kafin a fara hawa.